Ranar da Malam Sharfaddeen Ya Yi Kwanci

Duk unguwar Kwarbai ta birnin Zariya babu wanda zai iya gaya maka takamaiman aikin Malam Sharfaddeen Mustapha. An dai san yana fita da safe da jaka a rataye, ya hau babur ya nufi wata babbar makaranta a bayan ganuwa, ya dawo bayan la'asar. Masu tsohuwar rediyo sun ɗauka mai gyara ne, sai su kawo masa. Wanda wayarsa ta faɗa rijiya ma ya kawo. Shi kuwa bai iya cewa a'a ba, sai ya karɓa ya ɗora a kan kantar ɗakinsa ya ce a dawo jibi. Akwai rediyon da ta shekara bakwai tana jiran jibin nan.

Aikinsa na gaskiya kuwa ga shi. Akwai wani irin cif, bai fi farcen babban yatsa ba, wanda ake sayarwa cikinsa wayam, kamar filin da ba a yi gini ba. Masu sana'ar suna ce masa FPGA. Kai ne za ka zauna a gaban kwamfuta ka zana abin da kake so ya zama, ka tura masa zanen ta waya, sai ya zama abin. Sharfaddeen yakan zana ƙwaƙwalwa sukutum a cikinsa, irin wadda ke sarrafa inji, ya buɗe mata ƙofofin da za ta riƙa magana da fanka ko fitila ko ma'auni, kowace ƙofa da lambarta. Sannan ya koma ya rubuta manhajar da za ta gaya wa ƙwaƙwalwar abin da za ta yi. Aiki biyu ke nan: gina unguwa daban, koya wa mai kai saƙo gidajen unguwar daban. In ka sake gini dole ka sake koya masa lambobin, in ba haka ba ya kai saƙon wane gidan wane. Wannan ne darasin farko da yake koya wa ɗalibai duk shekara, har da buga tebur.

Shekara goma sha tara yana wannan aiki a ɗakin gwaje-gwaje na makarantar. Ɗaliban da ya koya wa riƙon waya sun zama manya, wasu har yana yi musu "ranka ya daɗe", shi kuwa yana nan a kujerarsa mai gurguwar ƙafa. Ba rashin ilimi ba ne, wannan kowa ya shaida. Abin da ke damun Sharfaddeen guda ne: ba ya iya ganin abu yana aiki ya ƙyale shi.

Tun yana ɗan shekara tara halin ya bayyana. Mahaifinsa, Malam Mustapha, magatakarda ne a kotu, yana da agogon bango da yake ji da shi. Agogon yana gudu da minti biyu a mako, kowa a gidan ya san haka, an zauna lafiya. Sharfaddeen ya sauko da shi ya kwance don ya gyara minti biyun nan. Da mahaifin ya dawo ya tarar da hanjin agogo a baje a kan tabarma, yaron ya ɗaga kai ya ce, "Saura kaɗan, Baba." Agogon bai sake motsi ba, sunan kuwa ya bi shi. Har ya yi furfura a gemu, tsofaffin unguwa suna kiransa Saura-Kaɗan. Matarsa Radiya, bayan da ya ƙara wa fankarta gudu har ta ƙone, ta koyi ɓoye duk wani abu mai waya da ke da lafiya a ƙarƙashin gado.

Shi da kansa ya fi kowa yi wa kansa tsiya. Yakan ce da shi aka bai wa ginin ganuwar Zariya, da har yau ana kwaɓa ƙasa. In an yi dariya shi ma ya yi. Amma hali zanen dutse, dariya ba ta kankare shi.

Mahaifiyarsa, Inna Tayyiba, ba ta taɓa tambayarsa me yake yi a makaranta ba. Ita duniyarta kaji. Wasu jajayen kaji ne masu tukku, da ta zo da uwarsu daga gidan mahaifiyarta ranar da aka kawo ta, shekara hamsin da wani abu da suka wuce. Babu sunan da aka yi a gidan nan, babu baƙon Sallah, babu mai jegon da ba ta sha romonsu ba. Ba ta taɓa sayen kazar kasuwa ta haɗa da su ba. Da safe takan fito da tsaki a ƙwarya tana yi musu magana kamar jikoki, tana yi wa wata faɗa, tana yabon wata.

Inna ta rasu a farkon damina. Yayar Sharfaddeen, Hajo, tsohuwar malamar firamare da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita ta ɗauki ƙwaryar tsakin. An yi sadakar arba'in da 'yan kwanaki sai annoba ta shigo wa kajin unguwa. Ka ga kaza da safe garau, da rana ta saki fukafukai, da yamma a ɗauke ta. Cikin kwana tara akurkin Inna ya zama kango. Abin da ya rage a duniya na irin kajin nan ƙwai ne goma sha ɗaya, da Hajo ta tsince a kwanakin ƙarshe ta ajiye cikin ƙaiƙayi.

Ta same shi a zaure da ƙwaryar ƙwan a hannunta, idanunta jawur.

"Sharfa, in waɗannan suka lalace, kajin Inna sun ƙare. Zan kai wa Hajiya Sa'ida a Ƙofar Galadima, ciwon bai je wajensu ba. Ba a rasa mai kwanci a cikin nata."

Hajiya Sa'ida ƙawar Inna ce tun ƙuruciya, kuma shawarar babu aibi a cikinta. Amma wani abu ya motsa a ƙirjin Sharfaddeen. Shekara arba'in da shida bai taɓa yi wa Inna wani abu da hannunsa wanda ya tsaya ba. Ga dama ta zo, ko da a makare.

"Yaya, kaza dabba ce. Yau ta kwanta, gobe ta ga fara ta tashi. Muzuru ya zo, ciwo ya zo. Ki ba ni su. Zan haɗa musu inji, zafinsa ba ya hawa ba ya sauka."

"Kai?"

"Ni. Wannan ai aikina ne."

Hajo ta dube shi ta daɗe. Ita ta goya shi, ta san shi ciki da bai. Amma ta ga idonsa, ta ga abin da yake roƙo ba ƙwai ba ne. Ta miƙa masa ƙwaryar ta ce, "Amana ce, Sharfa. Ba agogon Baba ba ne."

Kwana biyu ya yi yana haɗa injin, kuma a faɗi gaskiya, bai taɓa aiki mai kyau irinsa ba. Ya samo gawar tsohon firij ya wanke. Ya sa hita mai ba da zafi, ya sa 'yar fanka, ya sa ma'aunin zafi, ya sa wani ɗan inji mai karkata faifan ƙwan hagu da dama kamar yadda kaza ke juya su da baki. Ya jona batir da sola don kada a ɗauke wuta a ɗauke da ransa. A tsakiya ya ɗora cif ɗinsa, ya zana masa ƙwaƙwalwa, ya rubuta mata manhaja. Aikinta mai sauƙi ne: ta je ƙofar ma'auni ta tambaya zafi nawa, in bai kai talatin da bakwai da rabi ba ta kunna hita, in ya kai ta kashe. Da ya gama ya ja da baya ya dubi abin, ya ce wa Radiya, "Kin ga cif ɗin nan, a wasu ƙasashe da irinsa ake sarrafa manyan injuna. Ni na sa shi aikin da kaza ke yi ba ta taɓa shiga aji ba."

Radiya ta ce, "To Allah ya sa ya kai kazar."

Abin mamaki, ya kai ta. Aka ajiye firij a ɗakin Inna. Kwana ɗaya, kwana biyu, mako, injin yana 'yar ƙararsa a hankali, zafi bai gusa ba. Kyanwar gidan ta gano ɗumin, ta mayar da saman firij wurin kwananta, ba ta sauka sai yunwa ta kore ta. A kwana na goma Hajo ta rufe taga da bargo bayan azahar, ta ɗauki ƙwan ɗaya bayan ɗaya tana haska su da tocila. A cikin kowanne akwai jijiyoyi ja kamar saiwa, da wani baƙin abu yana motsi. Duk goma sha ɗayan da rai. Ta mayar da na ƙarshe, ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Sannu, Injiniya." A karon farko a rayuwarsa aka kira shi da sunan nan babu zolaya a ciki, kuma daɗin da ya ji ba ya misaltuwa.

To daɗin nan ne ya ja masa. Da aka kwana goma sha biyar sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Ya lura in ana son sanin zafin akwatin sai ya jona kwamfuta, kuma in ya tafi aiki babu mai iya dubawa. Ashe ba zai yi kyau ba a sa ɗan gilashi a ƙofar, mai nuna lamba, Yaya ta riƙa gani da idonta? Ya gaya mata. Ta ce ita ba ta nema ba, hannunta ya ishe ta. Ya ce minti goma ne. Ta ce, "Saura kwana nawa ne duka? Ka ƙyale shi, Sharfa." Ya ce to. Ya yi kwana biyu yana ƙyalewa, yana wucewa ta ƙofar ɗakin yana kawar da kai kamar mai azumi a gaban mai tsire.

Ranar Alhamis ƙwan suka cika kwana goma sha takwas. Ranar ce ake daina juya su, a rufe akwati, kada a sake buɗewa sai sun fashe. Dole ya taɓa manhajar don ya tsayar da injin juyi. Ya ce a ransa, tunda dai za a taɓa, ai gara a yi duka lokaci guda. Da ya dawo daga sallar asuba ya zauna da kwamfuta, ya buɗe zanen cif, ya ƙara sabuwar ƙofa ta gilashin lamba. Kwamfuta, kamar yadda ta saba, ta sake jera lambobin ƙofofin don sabuwar ta samu wuri. Abin da ya rage shi ne ya sake gina jerin lambobin da manhaja ke bi. Ya dubi agogo, bakwai ta wuce, ɗalibai suna jiransa ƙarfe takwas, ga hadari ya haɗo. Sai ya rubuta lambar sabuwar ƙofa da hannu, ya ce sauran ai suna nan inda suke, ya tura. Gilashi ya kawo haske: talatin da bakwai da rabi. Ya tsaya ya kalle shi kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya liƙe bakin firij da salatif, ya rubuta a takarda da manyan baƙaƙe cewa kada kowa ya buɗe, ya saɓa jakar kwamfuta ya fita.

Ruwa ya sauko kafin ya isa bakin ganuwa, irin markar nan ta watan Agusta da ba ta da niyyar ɗaukewa. Ta yini tana zuba, ta kwana, ta wayi gari Juma'a tana yayyafi. Gari ya yi sanyi har tsofaffi suka nemi gawayi. Sharfaddeen ya bar kwamfutar a kulle a ofis don kada ta jiƙe. Duk sanda ya leƙa ɗakin Inna, lamba tana nan daram. Ya ce wa Radiya ta dubi wannan sanyi, amma ko ɗigo bai motsa ba. Bai tsaya ya tambayi kansa ba, wane zafi ne a duniya ba ya motsi ko ɗigo.

Hajo ba ta kallon gilashi. Kyanwa take kallo. Tun daren Alhamis ta gan ta a gindin murhu, ta ce ko ƙamshin kifi ne. Da safiyar Juma'a ta sake ganinta a can, ta naɗe a kan toka. Zuciyarta ta ƙi kwanciya, ga takarda ta ce kada a buɗe, ga ƙaninta yana ta fara'a. Ta daure har maza suka tafi masallaci, sannan ta sa wuƙa ta yanke salatif.

Sharfaddeen ya dawo daga Juma'a cikin babbar rigarsa mai ruwan ƙasa, ya tarar da firij a buɗe, Hajo a tsaye da ƙwai a kumatunta.

"Yaya! Wa ya ce ki buɗe? Ba ki ga takarda ba?"

"Na gani."

"Dubi lamba! Talatin da bakwai da rabi!"

Ta matso ta ɗora masa ƙwan a kumatu. Sanyi ƙalau, kamar an ɗauko shi daga gindin randa.

Bai buƙaci kwamfuta ba, nan take ya ga abin da ya faru, don shi ke koyar da shi. Ma'aunin zafi ya tashi daga tsohuwar lambarsa. Manhaja kuwa ba a gaya mata ba, tana ta zuwa tsohon gida tana tambaya. Wanda ya tare a gidan yanzu shi ne wurin da Sharfaddeen ya rubuta zafin da yake so a samu. Duk sanda ta ce zafi nawa, sai a karanto mata burinsa. Ta ga komai daidai, ba ta kunna hita ba ko sau ɗaya. Awa talatin ƙwan Inna suna kwance cikin sanyin marka, shi kuwa yana zagaya gida yana nuna wa mutane lamba. Garin neman gira ya rasa ido.

"Zan gyara," ya ce. "Minti biyar ne. Kwamfutar tana ofis, bari in hau babur..."

"Ba za ka gyara komai ba. Ɗaga rigarka."

"Na'am?"

"Ɗaga rigarka na ce. Kai ne mai tumbi, jikinka ya fi nawa ɗumi."

Ta buɗe akwatin Inna ta zaro wani tsohon zane mai taushi. Ta jera ƙwan a ciki da auduga a tsakaninsu, ta manna su a fatar cikinsa, ta zagayo da zanen ta ɗaure a bayansa kamar goyon da aka juya gaba. Sanyinsu ya ratsa shi har ƙashi. Radiya tana bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi, ita kanta ba ta san dariya take dannewa ko kuka ba. Hajo ta kira Hajiya Sa'ida a waya. Aka yi sa'a akwai wata kaza da ta kwana huɗu tana kwanci a kan banza. Amma kaza mai kwanci ba a ɗauko ta, in ta bar gurbinta ta fasa. Sai dai a kai mata.

"Mu tari Keke," in ji Sharfaddeen.

"A waɗannan ramukan? Ka kai mata wainar ƙwai? Da ƙafa za mu."

Haka Malam Sharfaddeen Mustapha, mai shekara goma sha tara yana zana ƙwaƙwalwa a cikin cif, ya fito titi ranar Juma'a da rana, lokacin da duk birni ke dawowa daga masallaci. Ya saki babbar riga a kan ɗaurin, ciki ya turo gaba. Hannayensa biyu suna tallafe da shi ta ƙasa. Yana taka ƙasa a hankali, ƙafafu a ware, yana kewaye kowane taɓo. Hajo tana gefensa ta riƙa masa lema. Mutanen da suka saba ganinsa yana wucewa fuu a kan babur suka tsaya suna kallo. Wata tsohuwa ta ce, "Sannu Malam, Allah ya sauwaƙe." Ya ce amin, don bai ga ƙarya a addu'ar ba.

A wata kwana suka yi kiciɓis da Alhaji Haruna, abokinsa tun firamare, mutum mai ƙarfi da son runguma. Ya buɗe hannuwa ya taho.

"Saura-Kaɗan! Kwana biyu!"

"Tsaya nan! Don girman Allah kada ka taɓa ni!"

Alhaji Haruna ya ja birki, ya dubi cikin, ya dubi Hajo. "Lafiya? Kake tafiya kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki?"

"Abin da nake gudu ke nan," in ji Sharfaddeen.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai ya ɗan ɗaga riga ya nuna masa. Alhaji Haruna ya jingina da bango yana dariya har hularsa ta faɗi. Sharfaddeen ya tsaya ya bari ya gama, don ya san ya cancanta. Amma abin da ya ba shi mamaki, kunyar ba ta kai inda ya zata ba. Hankalinsa duk yana kan fatar cikinsa. Tun daga wani wuri ya fara jin sanyin yana raguwa, ƙwan suna ɗaukar ɗuminsa. Yana tafiya yana salati a hankali, yana roƙon Allah abin da bai taɓa zaton zai roƙa ba, a ƙara masa zafin jiki.

Hajiya Sa'ida tana zaune a bakin ɗakinta a kan kujera 'yar tsuguno, tsohuwa ƙarama mai kaifin ido. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ɗan Tayyiba, ashe kai ne kazar? To shigo, wata tara ko ba ta cika ba?"

"Gwaggo, a yi mini duk abin da ya dace. Na ɗebo da zafi."

"Da ma da zafin ka ɗebo ai da ba ka zo ba. Durƙusa nan."

Kazar wata baƙa ce ramammiya, ido ɗaya ya shanye, tana kwance a cikin fasasshiyar tukunya a bayan rumbu. Sharfaddeen ya durƙusa a gabanta cikin taɓo da rigar Juma'arsa, Hajo ta kwance ɗaurin, Hajiya Sa'ida tana karɓa tana cusawa a ƙarƙashin kazar ɗaya bayan ɗaya. Da ya miƙa hannu zai taimaka, kazar ta sare shi a yatsa har jini ya fito. Sannan ta baza fukafukai, ta girgiza jiki hagu da dama, ta jawo na gefe da baki, ta lafe. Babu ƙwai ko ɗaya da ya leƙo. Ya tsaya yana tsotsar yatsa yana kallonta da girmamawar da bai taɓa yi wa shugaban sashensu ba.

"Za su yi, Gwaggo?"

"Ni na halicce su? Je ka gida ka canza riga."

Lahadi ce ranar da ya kamata su fashe. Ya zo da safe, ya zo da yamma, shiru. Ranar Litinin ya ɗauko kwamfuta ya gyara manhajar, bai kai minti huɗu ba. Hita ta kama, firij ya yi ɗumi, kyanwa ta koma samansa. Ya tsaya yana kallon inji mafi inganci da ya taɓa haɗawa yana ɗumama iska. Ranar Talata bayan la'asar Hajiya Sa'ida ta ɗaga fiffiken kazar ta nuna musu. 'Yan tsaki biyu, sun bushe, suna rawar ƙafa, suna ƙyafta ido. Hajo ta ce alhamdulillahi sau uku, ta zauna a ƙasa. Suka ƙara jira Laraba. Ranar Alhamis da safe kazar ta tashi da kanta, ta karkaɗe jiki, ta ja 'yan biyun ta nufi gindin turmi. Hajiya Sa'ida ta ce tunda ta tashi, ta gama jin abin da za ta ji.

Tara suka rage a tukunya. Hajo ta ce a zubar a bayan gida. Sharfaddeen ya ce a ba shi. Ya kawo su Kwarbai a cikin ƙwarya, ya ɗauki fartanya ya zagaya bayan akurkin Inna, ya haƙa rami a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da ya ɗauki na farko zai sa, sai ya tsaya. Yana so ya sani. Wata zuciyar tana gaya masa wataƙila da ma ba za su yi ba, wataƙila tun kafin ranar Alhamis suka mutu, wataƙila ba shi ba ne. Ya ƙwanƙwasa ƙwan a ƙotar fartanya, ya ɓare ɓawon da farce.

Ɗan tsako ne cikakke. Ya naɗe jikinsa, ya cusa baki a ƙarƙashin fiffike, gashinsa a jiƙe ya kwanta luf. Ga 'yan yatsu, ga farata, ga fatar ido a rufe. Ya cika ƙwan taf, babu inda ya rage.

Sharfaddeen ya nemi abin tsiyar da zai yi wa kansa, kamar yadda ya saba, bai samu ba. Ranar da aka binne Inna bai yi kuka ba, yana can yana fama da lasifikar masu ta'aziyya. Yau ya zauna a ƙasa a bayan akurki, ɗan tsako a tafin hannunsa, ya yi kukan da bai yi ba tun yana yaro, kafaɗunsa suna girgiza.

Bai ji zuwan Hajo ba sai da ta tsuguna kusa da shi. Ta dubi abin da ke hannunsa, ta daɗe tana dubawa.

"Yaya, ki ce wani abu. Ki zage ni."

"In zage ka ya tashi?"

"Goma sha ɗaya kika ba ni, duk da rai."

"Na sani. Ni na ƙirga su." Ta ja numfashi. "Na ji haushinka, Sharfa, ba zan ɓoye maka ba. Har yanzu ina ji. Amma biyun can ma da ba su kai ba, ba don cikinka ba." Ta sa hannu ta karɓe ƙwaryar daga gabansa kafin ya kai ga na biyu. "Sauran kada ka buɗe. Ka riga ka gani."

Ita ta riƙa miƙo masa, shi yana jerawa a ramin a hankali, kamar har yanzu za su iya fashewa. Da suka cika tara ya ture fartanya gefe, ya mayar da ƙasar da hannunsa.